Daga Usur Zuwa Agogo: Tarihin Ilimin Koyar da Wasanni da Rawar da Zariya Ta Taka

Idan aka ce kimiyyar wasanni da motsa jiki, abin da ke fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne ɗakin gwaje-gwaje: ɗan wasa na gudu a kan na'ura, an liƙa masa wayoyi a ƙirji, ana auna bugun zuciyarsa da yawan iskar da yake shaƙa. Wannan reshe ɗaya ne kawai daga cikin rassan fannin. Akwai mai nazarin yadda gaɓoɓi da jijiyoyi ke haɗuwa su ba da motsi, akwai mai nazarin tunanin ɗan wasa, akwai na abinci, akwai na tarihi da zamantakewa. Sai kuma wani reshe da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, alhali shi ne ya fi kowanne taɓa yara masu yawa, wato ilimin koyo da koyarwa a fagen wasanni.

Tambayar da wannan reshe ke yi mai sauƙin faɗi ce: ta yaya iya wani motsi ke tashi daga wanda ya iya ya koma ga wanda bai iya ba? Me malami zai yi, me yaro zai yi, kuma ta yaya za mu san an koya? An shafe shekaru masu yawa ana ganin tambayar ba ta cancanci bincike ba, domin ai duk wanda ya iya ƙwallo zai iya koyar da ita. Tarihin yadda aka gane cewa iya wasa daban, iya koyar da shi daban, shi ne za mu bi a yau. Kuma za mu tsaya ne a Tudun Wadan Zariya mu kalle shi, saboda dalilin da za ku gani.

Me ya sa Tudun Wada?

Tudun Wada unguwa ce da ta tashi a farkon mulkin mallaka a wajen ganuwar birnin Zazzau, daga an fito Ƙofar Doka, aka ware ta domin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba haifaffun birni ba ne. Da tafiya ta yi tafiya sai makarantu suka zagaye ta. Ga Alhudahuda a wajajen Ƙofar Doka, ga Kwalejin Barewa ta titin Gaskiya, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma makarantar horar da malamai da aka daɗe da saninta da sunan FCE. Babbar harabar jami'ar tana can Samaru, tafiyar 'yan kilomitoci. A cikin wannan ɗan yanki, kowane zamani na koyar da wasanni a Arewa ya bar sawunsa.

Makarantar dandali

Kafin zuwan boko, yaran Hausawa ba su rasa inda suke koyon sarrafa jiki ba. Dandali ne makarantar, farin wata ne fitilarta. Maza na langa da kokawa da tsere, mata na gaɗa da carafke, 'ya'yan mahauta kuma na gadon dambe, musamman bayan kaka idan an kau da amfanin gona.

Ɗauki langa. Yaro zai riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ya yi ta tsalle a kan ɗayar, dokai na kare ruwa har ya kai wurin sha, abokan hamayya na ƙoƙarin kayar da shi. Ba wanda ke tara yara a layi ya ce yau darasinmu tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ƙaramin yaro yakan fara da kallo, sai a sa shi cike gurbi ranar da aka rasa mutum, ya sha faɗuwa, ya tashi, har wata rana ya zama shi ake ba ruwa. A dambe ma haka ne. Yaro kan fara da bin ubangidansa yana riƙe masa kaya, yana ganin yadda ake naɗe hannu, sannan ya gwada ƙashi da sa'o'insa kafin manya su shigo fili.

Masana sun zo sun ba wannan salon koyo suna daga baya. Wata mai nazarin al'adu Ba'amurkiya, Jean Lave, ta zauna da teloli a Monrovia ta ƙasar Laberiya a shekarun 1970. Ta lura yaron shago yakan fara da guga da sa maɓalli, daga nan ɗinki, yanka shi ne na ƙarshe. A 1991 ita da Etienne Wenger suka fitar da littafin da ya bayyana koyo a matsayin matsowa a hankali daga gefen jama'ar masu sana'a zuwa tsakiyarsu. Duk wanda ya taso a dandali zai ce ai mun san wannan.

Sai dai kar mu yi wa dandali kwalliyar da ba tasa ba. Dandali yana tankaɗe da rairaya. Yaro mai rauni, ko mai kunya, ko mai lalurar ƙafa, yakan janye jiki ba tare da kowa ya neme shi ba. Yarinya da ta fara tasawa ta bar gaɗa kenan. Makaranta kuwa an ɗora mata nauyin kowane yaro da ke cikin rajista, gwani da wanda ba gwani ba. Wannan nauyin shi ya haifar da buƙatar a san yadda ake koyarwa.

Zamanin usur da layi

Abin da boko ya fara kawowa bai yi kama da dandali ba ko kaɗan. Tushensa yana ƙasar Suwidin, inda Per Henrik Ling ya kafa cibiyar horar da malaman motsa jiki a birnin Stockholm a 1813. Tsarin Ling na son kowane motsi ya zama an tsara shi tun daga farko har ƙarshe, malami ya ba da umarni, ɗalibai su yi a tare.

Ingila ta rungumi wannan tsari ne bayan ta ji jiki. A yaƙin da ta yi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu tsakanin 1899 da 1902, an mayar da ɗimbin matasan da suka zo shiga soja gida saboda ba su da ƙoshin lafiya. Hankalin gwamnati ya tashi. A 1902 aka fitar da manhajar motsa jiki ta makarantu da hannun ma'aikatar yaƙi a ciki, kusan fareti ce zalla. Aka yi ta gyara ta a 1904 da 1909 da 1919, har aka kai ga manhajar 1933. Wannan ta ƙarshen ta ɗan sassauta, ta buɗe ƙofa ga wasanni da guje-guje, amma har a lokacin malami ne mai yanke kowace shawara.

Manhajar 1933 ita ce ta yi zamani a makarantun Najeriya. Da yake babu malaman da aka horar domin wannan aiki, a wurare da yawa 'yan mazan jiya ne aka danƙa wa yaran. Ka ga kuwa wanda ya koyi motsa jiki a hannun saja, abin da ya sani shi zai bayar: a shiga layi, hagu-dama, hannu sama, hannu ƙasa, usur ya tashi kowa ya ƙame. Babbar ranar nuna abin da aka koya ita ce 24 ga Mayu, ranar bikin daular Ingila, wadda ta samo asali daga ranar haihuwar Sarauniya Victoria. A yi maci a gaban Razdan da Sarki, a yi tsere, a raba kyaututtuka.

A wannan tsarin, ma'aunin malami nagari shi ne yadda aji ke motsi kamar mutum ɗaya. Ko yaro ya fahimci dalilin motsin, ko zai ci gaba da yinsa bayan ya bar makaranta, ba a tambaya.

Daga Katsina zuwa titin Gaskiya

A gefe guda kuma akwai wata hanyar ta daban da aka tanadar wa waɗanda ake shiryawa su yi shugabanci. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, kuma aikinta na farko shi ne horar da malamai. An gina ta ne a kan tunanin manyan makarantun kwana na Ingila, inda aka yi imani cewa a filin wasa ake gina hali: biyayya ga kyaftin, haƙuri da rashin nasara, fifita ƙungiya a kan kai. Shi ya sa ɗalibanta suka buga kurket da wani wasa da Turawa ke kira fives, wato buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Ana danganta shigowar wannan wasa Arewa da wani malami Bature, S. J. Hogben, a shekarun 1920. Ahmadu Bello, wanda ya gama kwalejin a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato, ya shahara da son wasan har bayan ya zama Firimiya, kuma har gobe ana buga shi a garuruwa irin su Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi.

Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan ta sauka Zariya a 1949, kuma tun 1971 take amsa sunan Barewa. Ta taho da al'adarta ta raba ɗalibai gida-gida suna gasa da juna. Gasar shekara-shekara da ɗalibai ke kira intahaus, wadda yanzu ko makarantar kuɗi ta cikin lungu sai ta yi, jikar wannan al'ada ce.

To a nan ma fa ba a ɗauki koyarwa a matsayin abin nazari ba. Malamin lissafi ko na tarihi ne zai tuɓe riga da yamma ya shiga fili, domin ya taɓa bugawa a makarantarsu. An ɗauka wasan da kansa zai koyar. Ga mai baiwa, hakan ya wadatar. Saura kuma sai tafi a bakin fili.

Lokacin da malamin ya shiga aji

Sauyi ya fara ne a shekarun 1950. Ita kanta Ingila ta jingine manhajar 1933 a 1952 da 1953, ta koma ga tsarin da ke ba yaro damar gwadawa da kansa. 'Yan Najeriya kuma suka fara zuwa karatun fannin a waje. Fitacce a cikinsu shi ne Harding Ekperigin, wanda ya yi karatu a kwalejin Loughborough ta Ingila, ya dawo ya yi ta fafutukar a ɗauki darasin da muhimmanci a Yammacin ƙasar.

A Arewa kuwa, Zariya ce ta ɗauki tuta. A 1957, Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya reshen Zariya, wadda ke Samaru, ta fara kwas na musamman domin horar da malaman motsa jiki. Wannan kwaleji ita ce ta rikiɗe ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. A wannan shekarar dai aka kafa babbar kwalejin horar da malamai ta Zariya, bisa shawarar kwamitin Eric Ashby wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, inda ya nuna cewa ƙasar da ke shirin cin gashin kanta ba ta da isassun malaman sakandare. Ita ce daga baya ta zama FCE, mai maƙwabtaka da Tudun Wada da Gyallesu, kuma daga irin waɗannan kwalejoji takardar NCE ta samo asali. A can Kudu, Jami'ar Nsukka ta fara ba da digiri a fannin a farkon shekarun 1960, malaman fannin kuma suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a daidai wannan lokaci.

Wannan mataki ba ƙarami ba ne. A karon farko, wanda zai tsaya a gaban yara a fili sai ya karanta yadda jiki yake, yadda yaro ke girma, yadda ake tsara darasi, sannan ya fita gwajin koyarwa a sa masa ido. Makarantun da ke kewaye da kwalejin sun daɗe suna karɓar irin waɗannan ɗalibai masu gwajin koyarwa. Amma abin da ake koya musu game da koyarwar kanta, yawancinsa gogewar magabata ce da nasiha. Binciken da zai tabbatar ko ya ƙaryata nasihar bai riga ya zo ba. Daga Amurka ya ɓullo, kuma rigima ce ta haife shi.

Rigimar da ta raba gida

A 1963, James Conant, tsohon shugaban Jami'ar Harvard, ya fitar da littafi kan yadda ake horar da malamai a Amurka. A ciki ya caccaki manyan digirorin motsa jiki, ya nuna ba su da nauyin da za a kira su ilimin jami'a. Abin ya yi wa mutanen fannin ciwo. A 1964, Franklin Henry na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya mayar da martani da wata maƙala, inda ya ce fannin zai iya tsayawa da ƙafarsa idan ya zama nazarin motsin ɗan Adam ta hanyar kimiyya.

Shawarar Henry ta karɓu, kuma ita ce ta haifi kimiyyar wasanni kamar yadda muka san ta. Sassan jami'o'i suka buɗe ɗakunan gwaje-gwaje, suka rarrabu zuwa ƙananan rassa, da yawa suka sauya suna. Guguwar ta iso har gida: sashen da aka sani da Physical and Health Education a Jami'ar Ahmadu Bello yanzu Human Kinetics and Health Education yake amsawa, haka ma a jami'o'i da yawa na ƙasar nan.

Sai dai gyaran ya zo da nasa tabon. Daraja da kuɗin bincike suka koma wajen masu farar riga, horar da malamai ya zama aikin da ake barin wa na baya. Masu kishin koyarwa suka ga cewa in ba su kawo tasu hujjar ba, za a bar su a tasha. A Jamus dama akwai tsohuwar al'adar ɗaukar tarbiyya ta hanyar wasanni a matsayin reshen ilimi, kuma an kafa ƙungiyar manyan makarantun motsa jiki ta duniya, AIESEP, a Lisbon a 1962. Abin da ya rage shi ne a fita fili a auna.

Abin da agogo ya tona

Na farko da ya ba malamai harshen tattauna aikinsu shi ne Muska Mosston, a littafinsa na 1966. Ya ce kowane darasi tarin shawarwari ne: me za a yi, a ina, yaushe za a fara, wa zai ce an yi daidai. Salon koyarwa ya danganta ne da wanda ke yanke su. A wannan bakin akwai salon umarni, inda malami ke yanke komai, wato irin na saja. A tsakiya akwai inda yara ke aiki bibbiyu, ɗaya na yi ɗaya na duba shi. A can ɗaya bakin kuma malami tambaya kawai yake jefawa, yaro ya gano amsar da jikinsa. Daga baya shi da Sara Ashworth suka kai salon guda 11. Mosston bai ce a jefar da umarni ba. Ranar da kake koya wa yara jifan mashi, umarni shi ne zaman lafiya. Abin da ya ce shi ne malami ya san yana da zaɓi.

Na biyu shi ne agogo. A shekarun 1970, William Anderson da ɗalibansa a Jami'ar Kolumbiya suka ɗauki darussan motsa jiki a bidiyo, suka zauna suna ƙirga abin da kowane yaro ke yi. Daryl Siedentop da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Ohayo suka ƙirƙiro hanyar auna mintocin da yaro ke yi yana gwada abin da ake koya masa, a matakin da ya dace da shi, yana kuma samun nasara. Sakamakon ya ba kowa kunya. Sau da yawa lokacin da yaro ke motsi bai kai kashi ɗaya cikin uku na darasin ba. Sauran ya tafi a jiran layi, sauraron bayani da kiran suna. Wannan fa a makarantun da ke da ɗakin wasa da kayan aiki kenan.

Mu kawo lissafin gida, a matsayin misali. A ce aji na da yara 60, darasi minti 40, ƙwallo ɗaya. Fita fili da shiga layi sun ci minti 10, bayani ya ci 5, saura 25. Minti 25 daƙiƙa 1,500 ne. Raba wa yara 60, kowa ya tashi da daƙiƙa 25. Yanzu a raba su rukuni 10 na mutum shida-shida, kowane rukuni da ƙwallonsa, ko da ta tsumma ce da yaran suka ɗaure da kansu. Rabon kowane yaro ya ninka sau goma, ba tare da an ƙara wa darasin ko minti ɗaya ba.

Na uku ya fito ne daga Loughborough, inda Ekperigin ya yi karatu. A 1982, David Bunker da Rod Thorpe suka lura cewa yara na shafe shekaru suna maimaita bugu da tura ƙwallo a layi, amma da an saka su a wasa na gaske sai su rikice, ba su san inda za su tsaya ko wanda za su ba ba. Sai suka juya darasin: a fara da ƙaramin wasa mai sauƙin doka, uku da uku misali, yaro ya ci karo da matsalar da kansa, sannan a tsaya a koya masa dabarar da zai warware ta, a sake komawa wasa. Siedentop kuma ya fito da tsarin da ya bayyana a littafinsa na 1994, inda aji ke zama kamar ƙaramar gasar lig: ƙungiyoyi masu ɗorewa tsawon zango, yara na karɓa-karɓar aikin kyaftin da alƙalin wasa da mai rubuta sakamako.

Masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke koyon motsi su ma sun kawo gudummawa. Paul Fitts da Michael Posner sun nuna a 1967 cewa mai koyo na bi ta matakai uku: lokacin da yake tunanin kowane motsi, lokacin da yake gyara kurakurai, da lokacin da jiki ke yi da kansa. Bayanin da zai taimaki na matakin farko zai iya dagula na matakin ƙarshe. A 1979 kuma John Shea da Robyn Morgan suka gwada rukuni biyu: ɗaya na maimaita motsi guda har ya gama kafin ya koma na gaba, ɗaya kuma an cakuɗa masa. A lokacin atisaye, masu maimaitawa sun fi kyan gani. Da aka dawo da su bayan kwana goma, 'yan cakuɗe ne suka yi zarra. Ma'ana, darasin da ya fi tsari a idon mai kallo ba lallai ne shi ya fi zama a jikin yaro ba.

Zuwa 1981 fannin ya samu mujallarsa ta bincike a Amurka, ya zauna daram a cikin rassan kimiyyar wasanni. Wani abin lura shi ne yawancin abin da aka gano, wato wasa tun daga farko, ƙananan rukunoni, yaro na koyo daga yaro, ba baƙo ba ne ga mai langa. Abin da binciken ya ƙara shi ne yadda za a yi hakan da gangan, a cikin minti 40, ba tare da an bar mai rauni a baya ba.

Takarda ta yi gaba, fili ya tsaya

A Najeriya, shekarun 1970 sun zo da buri mai yawa. An kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971. A 1973 Legas ta karɓi gasar wasannin Afirka, aka kuma fara bikin wasanni na ƙasa domin ɗinke ɓarakar yaƙin basasa. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, a 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ba darasin motsa jiki gurbi, sannan tsarin 6-3-3-4 da ya fara a 1982 ya sa shi cikin darussan ƙaramar sakandare. A matakin duniya, UNESCO ta ayyana a 1978 cewa motsa jiki da wasanni haƙƙi ne na kowane mutum.

Amma UPE ta cika azuzuwa fiye da yadda aka yi hasashe, aka riƙa yaye malamai cikin gaggawa. Da darasin ya zama na jarrabawa kuma, sai ya fara ƙaura daga fili zuwa allo. Da aka sake fasalin manhajar ilimin bai-ɗaya wadda ta fara aiki a 2014, an cusa shi cikin darasi guda tare da kimiyya da fasaha da kwamfuta. Yau za ka samu yaron da zai zana maka filin ƙwallon kwando da awonsa, ya lissafo dokoki, amma bai taɓa jefa ƙwallon a raga ba. Makarantu da yawa a unguwanni masu cunkoso gidajen haya ne da aka mayar azuzuwa, babu ko tsakar gidan kirki. Inda ake da fili kuma, wasanni kan farka ne mako biyu kafin intahaus, a zaɓi masu gudu, saura su koma 'yan kallo.

Zariya ta ga abin da malami guda zai iya yi. Masai Ujiri, wanda ya taso a garin, ya fara ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13, ya kuma samu horo a hannun Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya daɗe yana koyar da matasa a filin Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ne ya jagoranci Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019, kuma tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa ke shirya wa matasan nahiyar sansanonin horo. Labari ne mai daɗi, sai dai ilimin koyarwa ba domin fitar da zakara ɗaya aka gina shi ba. Ma'auninsa shi ne sauran yara 59 da ke cikin ajin.

Kuma maganar ta wuce ta kofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai ɗan ƙarfi a kullum. Wani bincike da masanan hukumar suka wallafa a 2019 ya nuna kusan kashi 81 cikin ɗari na 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa kaiwa, kuma 'yan mata sun fi samari baya. A da dandali na cike giɓin. Yanzu an gine dandalin, waya kuma ta cinye daren farin wata. Ga yarinyar da ke Tudun Wada ko Gyallesu, darasin makaranta zai iya zama dama ɗaya tilo da take da ita ta yin gudu a mako. In aka mayar da shi kwafar rubutu, hawan jini da ciwon suga ne za su zo karɓar bashin bayan shekara talatin.

Abin da ya rage mana

Kusan duk binciken da muka ambata an yi shi ne a Amurka da Turai, a azuzuwan da ba su kai rabin namu ba. Tambayoyinmu na nan suna jiran masu amsawa. Wane salo ne ya fi aiki a aji mai yara 80 da malami ɗaya? Yaya za a tsara darasi a watan azumi, ko a zafin Afrilu, ko cikin ƙurar hunturu? Wane irin fili da sutura da malama ne za su sa iyaye su saki jiki 'ya'yansu mata su yi wasa? Langa da kokawa da dambe sun samu shiga bikin wasanni na ƙasa, to yaya za a koyar da langa a firamare yadda mai rauni ma zai samu rabonsa, tunda ba ta buƙatar sayen komai?

Amsa waɗannan ba ta buƙatar na'urar miliyoyi. Kayan aikin da Siedentop ya yi amfani da su agogo ne da takarda da fensir. Ɗalibin NCE ko na digiri da zai fita gwajin koyarwa a zango mai zuwa zai iya roƙon abokinsa ya zauna a bakin fili, ya zaɓi yaro guda wanda ba gwani ba, ya rubuta mintocin da yaron ya yi yana motsi daga farkon darasi zuwa ƙarshe. Su sauya tsarin a mako na gaba, su sake aunawa. In ɗalibai ɗari suka yi haka a makarantun Zariya, aka tara sakamakon wuri guda, za mu samu abin da har yanzu muke aro daga wasu: hujja a kan yadda yaranmu ke koyo, a filayenmu.